Ɗinki ba allura: yadda tsuntsu tela yake haɗa sheƙarsa

A lambunan gidajen biranen Asiya irin su Kolombo, ko Daka, ko Bankok, mutum yana iya shafe makonni yana wucewa ta gefen wata 'yar bishiya da ba ta wuce ƙugunsa ba, ba tare da ya lura cewa ɗaya daga cikin ganyayenta ya bambanta da sauran ba. Ganyen kore ne shar, yana manne da reshensa, kuma idan iska ta kaɗa yana lilo kamar 'yan uwansa. Sai an durƙusa an ƙura ido za a ga cewa gefunansa biyu sun haɗu sun zama kamar aljihu, a bakin haɗin kuma akwai wasu ƙananan ɗigo-ɗigo farare a jere, kamar an yayyafa ɓurɓushin auduga. Idan aka leƙa ta sama, wajen da ganyen ya haɗu da reshe, sai a tarar da ƙwai uku ko huɗu kwance cikin wani lallausan gurbi. Wanda ya yi wannan aiki tsuntsu ne da bai kai nauyin goro ɗaya matsakaici ba, kuma saboda aikin ne aka laƙaba masa sunan tela. A harsunan Hindi da Urdu ana kiransa darzi, wato maɗinki, Turawa ma sunan da suka ba shi ke nan a harshensu.

Wanda aka fi sani a cikin dangin shi ne wanda masana suke kira Orthotomus sutorius. Ana samunsa tun daga Pakistan da Indiya da Siri Lanka, ya ratsa Nepal da Bangaladash da kudancin Sin, ya gangara Tailan da Maleshiya har tsibirin Jaba na Indunusiya. Tsawonsa daga baki zuwa ƙarshen jela santimita 10 zuwa 14 ne, nauyinsa kuma giram 6 zuwa 10. Bayansa kore ne mai ɗan duhu, cikinsa fari-fari, goshinsa da tsakiyar kansa kuwa launin tsatsa. Kullum jelarsa a ɗage take yana kaɗa ta, kuma a lokacin hayayyafa gashin tsakiyar jelar namiji yakan ƙara tsawo ya zarce sauran. Muryarsa ta fi jikinsa nesa ba kusa ba, domin yakan yini yana maimaita kira guda da ƙarfi daga cikin duhuwar ganye, kuma idan yana kiran wasu baƙaƙen tabo biyu sukan bayyana a gefen wuyansa. Abincinsa ƙwari ne da tsutsotsi, wani lokaci ya haɗa da ruwan fure. Ba ya ƙaura, ba ya kuma gudun mutane, shi ya sa sheƙarsa ta shiga idon jama'a tun da daɗewa, tunda a shingen gida da tukwanen fure na baranda yake yin ta.

Abu na farko da ya kamata a warware shi ne cewa ganyen da aka ɗinke ba shi ne sheƙar ba. Aiki biyu ne daban tsuntsun yake yi, ɗaya bayan ɗaya. Da farko yakan haɗa kube daga ganye mai rai, sannan ya gina ainihin sheƙar a cikin kuben, da lallausar ciyawa da zaruruwan tsirrai da auduga, kamar yadda sauran ƙananan tsuntsaye suke yi. Wanda ya zaro wannan sheƙa ta ciki ya ajiye ta a tafin hannu ba zai ga wani abin mamaki a jikinta ba, ɗan ƙoƙo ne mai zurfi da taushi. Hikimar duk tana cikin kuben, domin shi ne ginshiƙin da ya riƙe sheƙar, shi ne rufin da ke kare ta daga ruwa, shi ne kuma labulen da ke ɓoye ta.

Mafi yawan ɗinkin macen ce take yinsa, namiji kuwa yakan raka ta, ya tsare yankinsu da kira, wani lokaci ya kawo kayan aiki. Takan fara ne da zaɓen ganye, kuma a nan ne rabin nasarar take. Ganyen dole ya kasance mai faɗi, mai laushin da zai lanƙwasu ba tare da ya karye ba, amma mai ƙwarin da zai riƙe zare ba tare da ya yage ba. Tsohon ganye da ya fara bushewa tsagewa yake yi da zarar an ja shi, jaririn ganye kuma bai da jikin da zai ɗauki nauyi. Masu lura da tsuntsaye sun sha ganin macen tana kama gefen ganye da ƙafa tana naɗo shi a jikinta, kamar mai gwada zane kafin ta saya, don ta tabbatar zai ishe ta. Idan ganye ɗaya babba ya samu, shi kaɗai ya wadatar, sai a naɗe shi a haɗa bakinsa biyu. Idan kuwa ganyayen bishiyar sirara ne, irin na mangwaro, sai ta jawo biyu ko uku ko fiye da suke rataye kusa da juna ta haɗa su su zama bango ɗaya. Yawanci ba ta hawa sama, sheƙar takan kasance kimanin mita ɗaya daga ƙasa, a tsakiyar ganyaye masu yawa, kuma sau da yawa wajen ƙarshen siririn reshe inda dabba mai nauyi ba za ta iya takawa ba.

Daga nan sai huji. Bakin tsuntsun dogo ne siriri mai tsini, da shi take bin gefen ganyen tana huda ƙananan kafofi a jere, a wannan gefe da wancan. Sannan ta ɗauko zare a baki, ta cusa kansa cikin kafa ɗaya, ta zagaya ta kama shi ta ɗaya ɓangaren ta ja, ta sake cusa shi cikin kafar da ke fuskantar ta farko, tana riƙe da ganyen da ƙafa don kada ya kuɓuce ya miƙe. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin zura zare a kafar allura da hannu biyu da idanu biyu zai gane girman abin da ake faɗa, domin ita ba ta da allura, bakinta shi ne basilla kuma shi ne yatsu, ganyen kuma yana motsi a iska, yana kuma neman komawa yadda Allah ya halicce shi. A sheƙa guda ana iya ƙirga irin wannan ɗauri 150 zuwa 200, kuma aikin gaba ɗaya yakan ci kwana biyu zuwa huɗu.

An daɗe ana gardama kan yadda zaren yake tsayawa bai zame ba. Thomas Jerdon, likitan Ingila da ya yi aiki a Indiya a ƙarni na 19 ya kuma rubuta babban littafi kan tsuntsayenta, ya ce tsuntsun ƙulli yake yi a ƙarshen zaren, kuma maganar ta yi ta yawo a littattafai shekaru da yawa, saboda ta dace da hoton tela da mutane suka riga suka ɗauka a ransu. Casey Wood, wani likitan ido ɗan asalin Kanada wanda ya duƙufa kan nazarin tsuntsaye, ya binciki sheƙoƙin da kyau ya wallafa sakamakonsa a rahoton cibiyar Smithsonian na 1925, inda ya kasa aikin gida huɗu: ɗinki, da dasa ƙusa, da zarge, da cure zaruruwa wuri guda. Babu ƙulli a cikinsu. Abin da ake gani kamar ƙulli shi ne kan zaren da ya fito ta waje ya baje ya zama ɗan tuntu, kuma da yake tuntun ya fi kafar girma, ba ya iya komawa ciki. Ganyen kansa yana taimakawa, domin naman ganye mai rai yana matse duk abin da aka cusa masa. Waɗannan tuntaye su ne fararen ɗigon da ake gani a jere a bayan ganyen.

Saboda haka, a ganina, sunan tela ya ɗan kauce wa gaskiyar aikin, ko da yake ya yi daɗi a kunne. Tela zare ɗaya dogo yake bi da shi daga farkon ɗinki zuwa ƙarshe, shi kuwa wannan tsuntsu mafi yawan ɗaurinsa guntu-guntu ne, kowane yana cin gashin kansa. Ya fi kama da aikin maƙerin da ke haɗa hannun bokiti, wanda yake zura ƙusa cikin huji ya daddoki kanta har ya baje. Ya kuma yi kama da aikin gyartai, wanda idan ƙwarya ta tsage yakan fara huda kafofi gefe da gefe na tsagar tukuna, sannan ya bi su da zare ya ja bakin biyu su haɗu. Abin sha'awa, sunan kimiyyar ya fi kusa da gaskiya, domin kalmar sutorius a harshen Latin daga sunan mai ɗinkin takalmi ta fito, wato baduku, wanda shi ma sai ya huda fata da basilla kafin ya zura zare. Wannan tsari na ɗauri daban-daban yana da fa'idar da ɗinkin tela ba shi da ita: idan zare ɗaya ya tsinke, sauran suna nan daram, ba kamar kalmasar riga ba, wadda da zarar an ja bakin zaren sai ta warware har ƙasa.

Zaren kuwa daga wurare da dama take samo shi. Akwai audugar gona, akwai audugar rimi, domin rimin da muka sani yana nan a Asiya, akwai ta wata bishiya 'yar uwar gurjiya mai jan fure wadda ta yawaita a Indiya, akwai zaruruwan ɓawon itace, akwai kuma silikin da tsutsotsi suke naɗe kansu da shi. A cikin gari ba ta ƙin zaren da ta tsinta a bakin taga ko wanda ta zare daga tsumma. Amma abin da ya fi muhimmanci shi ne yanar gizo-gizo, ta ainihi, wadda ake sharewa da tsintsiya a kusurwar ɗaki. Wannan yana tana da halaye uku da suka dace da wannan aiki: tana da ƙarfi idan aka kwatanta da sirantarta, tana da danƙo, tana kuma miƙewa ba tare da ta tsinke ba. Wannan hali na ukun shi ne ya fi amfani, saboda sheƙar ba a tsaye take wuri ɗaya ba. Iska tana kaɗa ta, ganyen yana iya ci gaba da girma, 'ya'yan da ke ciki kuma suna ƙara jiki kowace rana. Da an ɗaure ganyen da abu mai tauri wanda ba ya ba da kai, da gefensa ya yage tun a iskar farko ta hadari.

Tambayar da ta fi dacewa a yi ita ce me ya sa tsuntsun yake shan duk wannan wahala, alhali da ciyawa kaɗai zai iya gina sheƙa a tsakanin rassa kamar sauran. Amsar tana cikin kasancewar ganyen da rai. Maharan sheƙa da yawa da ido suke farauta, kuma abin da suke nema shi ne wani abu da ya saɓa wa kewayensa, kamar dunƙulen busasshiyar ciyawa a cikin kore. Ganyen da bai rabu da reshensa ba yana ci gaba da shan ruwa daga uwar bishiya, launinsa bai sauya ba, ƙyallinsa bai dushe ba. Kafofin da tsuntsuwar take hudawa ƙanana ne ƙwarai, ba sa yanke manyan jijiyoyin ganyen, saboda haka gefensa ba ya ƙonewa ya koma ruwan ƙasa. Kuma kusan kullum fuskar ganyen ta sama, mai santsi da sheƙi, ita ce take fuskantar waje, ta yadda wanda ya hango daga nesa zai ga abin da ya saba gani. Wannan fuska ita ce kuma wadda ruwa ba ya kamawa, yana sauka yana gangarewa, kuma sau da yawa saman ganyen yakan rusuno kan ƙofar sheƙar ya zama rumfa. Ga tsuntsun da yake hayayyafa a tsakiyar damina wannan ba ƙaramin abu ba ne. A Indiya lokacin sheƙarsa yakan kama daga Maris zuwa Disamba, amma ya fi ƙarfi daga Yuni zuwa Agusta, daidai lokacin da ruwan monsun yake zuba kamar da bakin ƙwarya, ganyaye suke da faɗi da laushi, ƙwari kuma suke da yawa.

Wannan batu na ganye mai rai shi ne wanda Turawan farko da suka rubuta labarin tsuntsun suka yi tuntuɓe a kansa. Thomas Pennant, masanin halittu ɗan yankin Wales, shi ne ya fara bayyana shi a kimiyyance a 1769, kuma bai taɓa zuwa Asiya ba, ya dogara ne da zane-zanen da Joan Gideon Loten, tsohon gwamnan Holan a Silon, wato Siri Lanka ta yau, ya tattara. Pennant ya rubuta cewa tsuntsun yana tsintar mataccen ganye ya ɗinke shi a jikin mai rai. Waɗanda suka zauna a ƙasar suka ga aikin da idonsu daga baya sun tarar cewa da koren ganye yake farawa. Ba wuya a gane inda kuskuren ya samo asali, domin idan aka haɗa ganye biyu ko uku, ɗaya yana iya tsinkewa daga reshensa saboda ja ko nauyi, ya bushe a wurin alhali ɗinkin yana riƙe da shi, wanda ya zo daga baya kuma ya ɗauka haka aka fara. Sheƙar da aka yanko aka kai gidan tarihi ma, cikin kwanaki kaɗan takan bushe ta koma ruwan ƙasa, ta rasa ainihin abin da ya sa aka yi ta.

Idan kube ya kammala, sai a shimfiɗa sheƙar ciki, kuma ita ma ana ɗan zarge ta da bangon ganyen don kada ta zame ta ƙasa. Macen takan saka ƙwai uku mafi yawa, wani lokaci har biyar, masu launin fari-ja ko shuɗi-shuɗi da ɗigo-ɗigon ja mai duhu. Kwanci yakan ɗauki kimanin kwana 12, 'ya'yan kuma su yi kimanin kwana 14 kafin su fita, uwa da uba suna ta jigilar ƙwari suna ɗura musu. Idan aka haɗa da kwanakin gini da na saka ƙwai, ana bukatar ganyen ya yi wata guda cur yana da rai, yana ɗauke da kaya, ana shiga ana fita ta bakinsa sau ɗaruruwa.

A nan ne iyakar dabarar take bayyana. Duk nauyin sheƙar da na masu cikinta yana rataye ne a siririn wuyan ganye ɗaya ko biyu, shi ya sa ba a samun babban tsuntsu da yake irin wannan gini. Kurciya ma ta yi nauyi, balle hankaka. Ko ga tsuntsu mai giram 8, lokacin da 'ya'ya huɗu suka kusa tashi nauyin ya ninka sau da yawa, kuma ɗinki yakan saki, gefen ganye yakan yage. Idan ɓarnar kaɗan ce, tsuntsuwar takan dawo ta huda sababbin kafofi ta ƙara ɗauri ko ta jawo wani ganye ta yi faci, idan kuwa ta yi yawa tun ana gini, sai ta bar wurin ta nemi wani ganye ta faro daga farko. Sannan ɓoyewa daga ido ba ta hana wanda yake bin wari ko wanda ya zauna ya lura da zirga-zirgar iyaye. Ɓeraye da kyanwoyi da ƙadangaru da macizai suna cin ƙwai da 'ya'yan, haka ma wani babban tsuntsu ɗan uwan ragon maza da muka sani, wanda aikinsa ke nan bin ƙasan duhuwa yana lalube. Kasancewar sheƙar kusa da ƙasa ya sauƙaƙa musu. A lambunan gari kuma akwai mai aski wa shuke-shuke, wanda almakashinsa ba ya bambanta ganyen da aka ɗinke da wanda ba a ɗinke ba.

Akwai kuma maƙiyin da ba cin ƙwai ne kaɗai burinsa ba. Wani tsuntsu daga dangin da Turawa suke kira kuku, wanda masana suke kira Cacomantis merulinus, ba ya gina sheƙa sam, sai dai macensa ta faki idon tela ta saka ƙwanta a cikin sheƙarsa. Idan ɗan baƙon ya ƙyanƙyashe yakan tura ƙwan masu gida ko 'ya'yansu waje, ya mallake wurin shi kaɗai, iyayen riƙon kuma su yi ta ciyar da shi har ya ninka su girma, domin babban kukun ya haura santimita 20. Aljihun ganyen da aka auna da jikin tsuntsuwa 'yar mitsitsiya sai ya koma ɗauke da ƙaton da ba don shi aka ɗinka ba.

Mutane sukan tambaya wa ya koya wa tsuntsun wannan sana'a. Abin lura shi ne ɗan tela bai taɓa ganin uwarsa tana ɗinka sheƙar da aka haife shi a ciki ba, tunda an gama ta tun kafin a saka ƙwan da ya fito daga ciki. Tushen aikin, wato neman ganye mai faɗi, da huda gefensa, da cusa zare, a cikin halittarsa yake. Sai dai wannan ba ya nufin ƙwarewa ba ta da gurbi a ginin sheƙa. Nicholas Collias da matarsa Elsie, masana daga Amurka da suka yi shekaru suna nazarin kabare, tsuntsun nan namu mai saƙa sheƙa a rataye a bishiyoyin gari, sun nuna tun a shekarun 1960 cewa samarin kabare sheƙarsu ta farko sakwa-sakwa take fitowa, sai da maimaitawa hannunsu yake faɗawa. Shi ma tela, duk wanda ya ga yadda yake sauya dabara gwargwadon ganyen da ya samu, yau ɗaya gobe uku, nan ɗinki can zarge, ya kuma ga yadda yake faci idan abu ya yage, zai yi wuya ya yarda cewa motsi ne kawai irin na inji wanda ba ya duba abin da ke gabansa.

Dangin Orthotomus sun kai iri 13, dukkansu a Asiya, kuma kusan rabinsu a tsibiran Filifin kaɗai ake samunsu. Na baya-bayan nan da aka gano labarinsa yana da ban mamaki, domin ba a ƙurmin daji aka same shi ba. A 2009, lokacin da ake kama tsuntsaye ana gwada su saboda murar tsuntsaye a kewayen Fanom Fen, babban birnin Kambodiya, an kama wasu aka ɗauka wani iri ne da aka riga aka sani. Sai a 2012 da aka sake ɗaukar hotonsu a wani filin gini a gefen birnin masana suka duba da kyau, suka gwada launi da murya da ƙwayoyin halitta, a 2013 kuma aka sanar da shi a matsayin sabon iri, Orthotomus chaktomuk. Sunan na wurin da kogunan Mekong da Tonle Sap da Bassac suka haɗu ne a tsakiyar birnin. Tsuntsu ne mai jan kai da baƙin maƙogwaro, yana zaune a cikin sarƙaƙiyar fadamar da ambaliya take shafa, kusa da miliyoyin mutane, ba wanda ya san da shi. Binciken ƙwayoyin halitta ya kuma rage wa dangin wasu, domin tsuntsaye biyu na kan duwatsu da aka daɗe ana lissafa su cikin teloli an gano ba su da kusanci da su, aka mayar da su wani gida daban.

Babban gidan da teloli suke ciki, wanda ake kira Cisticolidae, yana da iri kusan 160, mafi yawansu a Afirka suke, kuma masana suna ganin daga nan gidan ya samo asali kafin wasu rassansa su bazu zuwa Asiya da Ostareliya. A duwatsun gabashin Tanzaniya da arewacin Mozambik akwai tsuntsayen da ake kira telolin Afirka, ɗaya daga cikinsu, Artisornis moreaui na duwatsun Usambara ta Gabas, yana cikin waɗanda suke gab da ƙarewa saboda sarar daji. Ɗinkin ganye ma ba na Orthotomus kaɗai ba ne, ya bayyana a rassa da dama na gidan, har ma a wajensa, domin a Asiya akwai wani ɗan tsuntsu mai shan ruwan fure da yake rataya sheƙarsa a ƙarƙashin faffaɗan ganye irin na ayaba da irin waɗannan tuntaye na yana.

Wanda yake son ganin wannan aiki da idonsa daga ƙasar Hausa ba sai ya yi tafiya zuwa Indiya ba. Akwai wani ɗan tsuntsu na wannan gida, Camaroptera brevicaudata, wanda ya bazu daga Sanagal har Habasha, ya haɗa da arewacin Nijeriya da kudancin Nijar. Tsawonsa bai wuce santimita 12 ba, bayansa toka-toka ne, fuka-fukansa kore, jelarsa gajera a ɗage, kuma yana zama a cikin duhuwar bakin rafi da sarƙaƙiya da lambuna masu inuwa. An fi jin sa fiye da ganin sa, domin idan ya tsorata yakan yi wani siririn kuka kamar na ɗan akuya da ya ɓace wa uwarsa. Da damina, shi ma yakan jawo ganyaye masu rai na wata gajeriyar shuka, ya huda gefensu, ya ɗinke su da yanar gizo-gizo da zaren tsirrai, ya shimfiɗa lallausar ciyawa a ciki, sau da yawa har ya ɗinka wani ganye a sama ya zama rufi. Sheƙar takan kasance ƙasa-ƙasa, wani lokaci ba ta wuce gwiwar mutum ba, kuma alamarta ita ce dai waɗannan fararen ɗigo a jere a gefen koren ganye.